Ɗan Dakon Jiniya

Tun da hantsi Auta ta birkita wa uwarta ɗaki. Aka jawo kujera daga inda ta saba zama aka kai ta gindin taga, aka kashe fanka wai ƙararta tana shiga na'ura, aka sauke agogon bango aka kifa shi a kan gado. Mai kyamara, wani dogon mutum da ba ya magana sai da hannu, ya kafa fitila mai zafi ya saita ta a fuskar tsohuwar. Ita kuwa tana zaune ta haɗe rai. 'Yar da ta haifa da cikinta, ta goya ta yi wa wanka, yau ita ce ke ce mata ɗaga haɓa, kalli nan, kar ki taɓa wuyan rigar nan akwai makirfo.

"Umma, don Allah ki ɗan saki fuska. Fim ne fa, ba allura za a yi miki ba."

"Fuskar ke nan. In ba ta yi miki ba, je ki aro wata."

Auta dai ba yarinya ba ce, furfura ta fara leƙowa ta gefen ɗankwalinta. Sana'arta shirya fim, amma ba irin na rawa da waƙa ba, irin wanda ake zaunar da mutane su faɗi abin da ya same su da bakinsu. Wannan karon ta ɗauko labarin tsofaffin 'yan ƙungiyar ma'aikatan masaƙa, waɗanda suka tsayar da injuna shekara arba'in da ɗoriya da suka wuce, suka sha duka da ɗauri kafin a yarda cewa ma'aikaci ma mutum ne. Sauri take ta yi ba ji ba gani, don mutanen tafiya suke yi ɗaya bayan ɗaya. Akwai gidajen da ta je da kyamara ta ƙare da yin ta'aziyya.

Sai ga ta ta durƙusa ta zaro wata tsohuwar langa daga ƙarƙashin gado, fentinta duk ya ɓamɓare. Ta goge ta da gefen mayafi ta ɗora a kan tebur kusa da uwar.

"Wannan kuma ta mece ce?"

"Ai ita ce tarihin, Umma."

Wai tarihi! Tsohuwar ta yi tsaki a cikinta. A langar nan ta yi ta kai abinci kurkuku lokacin da aka kwashe shugabannin ƙungiya, har suna ya bi ta. Mai Langa ake ce mata, yara da manya, kuma ta san abin da za a rubuta a ƙasan hotonta ke nan.

Mai kyamara ya ɗaga yatsa. Auta ta gyara zama, ta sauya murya irin ta aiki.

"Umma, ranar da jiniya ta yi kuka, a ina kike?"

Tambayar da aka sha yi mata ce, amsarta kuma tana kan harshe kamar gaisuwa: ina bakin injina, na ji kukan, na ajiye aiki na fita tare da jama'a. Ta buɗe baki za ta faɗa, sai maganar ta maƙale. Don gaskiyar ita ce ba ta bakin injin komai ranar nan. Tana can saman rumfar jiniya, ta riƙe mariƙin da hannu biyu. Ita ta ja ta.

Ga yadda aka yi. Inji ya cinye hannun wani ma'aikaci, manaja ya ce a goge jinin a ci gaba da aiki, rai ya ɓaci. Kwamitin ƙungiya ya yanke cewa washegari, in aka ji jiniya ta yi kuka ba lokacin tashi ba, kowa ya saki aiki ya fita. Amma mutumin da aka ɗora wa jan jiniyar, tun a bakin ƙofa masu gadi suka tare shi. Rana ta yi ta ɗagawa, mutane suna satar kallon juna, ba abin da ya yi kuka. Ita kuwa tana da tsohon ciki, kuma ba wanda ke tambayar mai ciki ina za ta in ta nufi bayan gini. Ta zaga, ta ɗaure zanenta tamau, ta kama tsanin ƙarfe ta hau.

To, ƙungiyar nan tana da wata ƙa'ida da ba a rubuta ta ko'ina ba. In wanda ba zai iya zaman kurkuku ba ya yi aiki mai haɗari, ana ba shi ɗan dako, wato wani ya ɗauki aikin ya ce shi ya yi. Kuma ba cewa kawai ba ce, don masu tambaya ba wawaye ba ne, za su tambaye ka me ka gani, me ka taɓa, me ka shaƙa. Sai mai kaya ya zaunar da ɗan dako ya koya masa aikin tiryan-tiryan har ya zauna masa kamar nasa. Kaya kuwa ba ya sauka sai ranar da mai shi ya dubi idon ɗan dako ya ce "sauke", shi kuma ya ce "na sauke". Kafin wannan rana, ko mijinki ko matarka ba za su ji ba.

Wanda aka ba ta wani saurayi ne mai sa wa injuna mai, ba mata ba ɗa, ga barkwanci. A sito, tsakanin dilolin auduga, ta koya masa da yammacin ranar. Ta gaya masa sanyin ƙarfen a tafin hannu, da kashin tantabaru da ya cika matakan, da matakin nan na kusa da ƙarshe mai girgiɗi, da tsumman da aka naɗe mariƙin da shi, da yadda sai ka rataya nauyinka duka kafin ya motsa. Har ta gaya masa cewa a kan mataki mai girgiɗin nan abin da ke cikinta ya harbe ta, ta tsaya ta dafa shi ta lallashe shi. Ya kwashe da dariya har da riƙe ciki.

"Wannan kam riƙe kayanki, Yaya. In na faɗa musu haka, ba kurkuku za su kai ni ba, gidan mahaukata ne."

Kashegari 'yan sanda suka zo suka tafi da shi. Ya yi shekaru a ciki. Ya fito kunne ɗaya a mace, yatsun hannun dama a karkace, samari suka ɗauke shi a kafaɗa suna kiran Mai Jiniya. Da farko tsoro ya hana ta cewa sauke. Daga baya mijinta ne, mutum mai zafin zuciya da ba zai taɓa yafe mata hawa tsani da cikinsa ba. Da mijin ya rasu kuma sai kunya. Da wane baki za ta dubi yatsun nan ta ce ba ni abina?

Yanzu 'yan kwamitin da suka san maganar duk suna ƙarƙashin ƙasa. Saura ita da shi, shi kuma an ce hankalinsa ya fara tafiya. Abin da ya fi tayar mata da hankali, kwanakin baya tana wanke-wanke ta nemi launin tsumman nan na mariƙi a kanta ta rasa. Ta nema ta nema, babu shi. Ranar ce ta fara jin tsoro na gaske. In ba ta faɗa a fim ɗin nan ba, ranarta za ta bi ta kabari, a bar ta da langa har abada.

"Umma?" in ji Auta. "Muna ɗauka fa."

"Kashe abin nan."

"Lafiya?"

"Na ce a kashe. Ki kai ni gidan kawunki Mai Jiniya tukuna. Akwai maganar da sai na gan shi."

Auta ta so ta yi musu, ga fitila an kafa, ga mai kyamara an ɗauko. Amma ta san uwarta. Ta tashi ta ɗauko makullin mota.

Gidan Mai Jiniya yana ƙarshen wani lungu da mota ba ta shiga, bayan shagon mai gyaran keken ɗinki. Suka taka a hankali, tsohuwar tana dogara sanda tana maimaita kalmar a ranta. Kalma ɗaya ce tak, me zai gagara? Matarsa ta tare su a ƙofa da fara'a. Bayan fitowarsa daga kurkuku ya aure ta, ita ma ga shi ta manyanta, jinya ta ƙara mata shekaru.

"Yaya! Yau kece a gidanmu? Lale, lale. Ku shigo, yana ciki."

Ɗakin yana warin man zafi da sabulu. An kawar da duk abin da zai iya yin tuntuɓe da shi, an sa wa ƙofa sakata ta sama inda hannunsa ba ya kai. Yana tsaye a tsakiyar ɗaki, ya rame, riga ta yi masa yawa, yana dube-dube a ƙasa.

"Ina takalmana? Na makara. Za a rufe ƙofa ban shiga ba."

"Malam, ga baƙi ka yi," in ji matar.

Ya dube ta kamar yau ya fara ganinta. "Baiwar Allah, ke kika ɗauke mini takalma?"

Muryarsa ta fara hawa, ya nufi ƙofa yana jijjiga ta. Matar ba ta ko razana ba. Ta kama gefen rigarsa, ta matsa wajen kunnen da ke ji.

"Malam, wai ni kam yaya aka yi ka hau tsanin nan?"

Ikon Allah. Mutumin ya tsaya cak. Kafaɗunsa suka sauka, ya bari aka zaunar da shi a bakin gado, fuskarsa ta washe. Ya gyara murya.

"Ai rana ta ɗaga, ba abin da ya yi kuka. Na ce yau in ba a ja ta ba, mun mutu. Na zaga ta baya. Ƙarfen nan sanyi ƙalau a hannuna, ga kashin tantabaru ko'ina."

Mai Langa ta nemi kujera ta zauna. Kalmominta ne, yadda ta jera masa su a sito. Har inda take jan numfashi, nan yake ja.

"Ina hawa, ina hawa, sai na zo kan matakin nan mai girgiɗi. Ina taka shi, sai..."

"Sha ruwa, Malam." Matar ta yi wuf ta kafa masa kofi a baki. Ya sha, ruwan ya zubo masa a gemu, ta goge. "To, sai ka kai sama," ta ce.

"Sai na kai sama. Ga mariƙi, an naɗe shi da shuɗin tsumma."

Shuɗi. Wallahi shuɗi ne. Tsohuwar ta ji abin ya dawo mata gaba ɗaya, har da zaren da ya zazzago a gefensa. Abin da ta rasa a kanta, ga shi a ajiye a kan mutumin da bai san matarsa ba.

Ya ja jiniyarsa, ya kwaikwayi kukanta da baki, ya yi dariya. Daga nan ya koma kallon yatsunsa, cikin natsuwa.

Mai Langa ta jawo kujera ta matsa kusa.

"Ɗan dako," ta ce a hankali.

Ya ɗago. Babu komai a idon.

"Ka gane ni?"

Ya ƙura mata ido, can sai ya yi murmushi. "Ke ce mai kawo abinci."

Har shi ma! Matar kuwa murna ta kama ta, ta tafa hannu. "Kin gani, Yaya? Ya gane ki! Ni da nake kwana nake tashi da shi, baiwar Allah ce." Ta yi dariya, sai dariyar ta juye, ta sa bakin mayafi ta share ido. "Komai ya tafi, Yaya. 'Ya'yansa, sunan uwarsa, ko ya ci abinci ko bai ci ba. Tsanin nan kaɗai ya rage masa. In ya rikice, da shi nake dawo da shi. Ranar da ya manta wannan, ban san yadda zan yi ba."

Kalmar tana bakin tsohuwar, ta ji ta a kan harshe. Amma wa za ta ce wa? Wanda zai ce na sauke ba ya nan. Wanda ke zaune a bakin gadon nan bai san dako yake yi ba, kuma in aka sauke masa, ba abin da zai rage a tsaye. Ta haɗiye ta. Ta yi musu sallama, ta ce Allah ya ƙara sauƙi.

Suka shiga mota suka kama hanyar gida. Tausayinsa take ji, haushinsa kuma take ji, kuma tana jin kunyar haushin. Aro ta ba shi, ba kyauta ba. Shi ya sha dukan, wannan ba ta musu, ko a gaban Allah za ta shaida. Amma ita ta hau. Ita ta san yadda ƙasa take nisa daga can. Yanzu ya tafi da ranarta wani wuri da ba a bin mutum a karɓo.

"Umma, kin yi maganar da kika je yi?" in ji Auta, idonta a kan titi.

"Ki kula da tuƙinki."

Washegari aka sake kafa fitila. Tsohuwar ta zauna kusa da langa ta ce tana bakin injinta, ta ji kuka, ta fita tare da jama'a. Ta ba da labarin layin ƙofar kurkuku, da yadda masu gadi suke jagwalgwala abinci da sanda suna neman abin da aka ɓoye. Auta ta ce ya yi kyau ƙwarai. Tsohuwar ta ce a mayar mata da agogonta bango.

Bayan 'yan makonni Auta ta zo ta ɗauke ta, wai ta ga abin da aka haɗa kafin kowa ya gani. Ɗakin aikin yana saman wani kantin magani, matakalarsa ta ci wa tsohuwar gwiwa. An ja labule ko da yake rana tsaka ce. Ga allon kwamfuta biyu, ga kofunan shayi da ba a wanke ba, ga wayoyi a ƙasa kamar za su harɗe mutum. Auta ta kawar da tarkace daga kan kujera ta zaunar da ita.

Fuskoki suka yi ta wucewa. Wasu ta yi shekaru ba ta gan su ba, wasu an riga an binne su. Ta ga kanta da langarta, an rubuta abin da ta san za a rubuta. Sai ga Mai Jiniya, an sa masa farar riga, an gyara masa gemu, shi kaɗai a bakin gadonsa. Rana ta ɗaga, ba abin da ya yi kuka. Ƙarfe sanyi ƙalau. Ina hawa, ina hawa, sai na zo kan matakin nan mai girgiɗi.

Nan sai fuskarsa ta ɓace, tsohon hoton masaƙar ya fito da hayaƙi a sama, muryarsa kuma ta ci gaba daga sai na kai sama.

"Tsaya," in ji tsohuwar. "Koma baya."

Auta ta mayar. Aka sake wucewa ta wurin.

"Me ya sa kika rufe masa fuska a nan?"

"Ado ne kawai, Umma. Don mai kallo ya ga ginin."

"Ni za ki yi wa wayo? Ya ja numfashi zai yi magana, sai na ji shi a sama. Kin yanke wani abu."

Auta ta sosa gefen wuya. Tun tana ƙarama haka take yi in an kama ta.

"Umma, kin san halin da Kawu yake ciki. A daidai nan yakan saki layi. Sau nawa muna sake ɗauka, kullum sai ya faɗa. Matarsa ma roƙona ta yi kar in bari duniya ta ji, ita da kanta in ya zo wurin ruwa take ba shi. Mutum ne mai daraja. Ba zan sa a yi masa dariya ba."

"Nuna mini."

"Ba wani abu ba ne fa, shirme ne irin na..."

"Auta."

Ta juya ga ɗaya allon, ta yi 'yan danne-danne, ta nemo guntun da ta jefar. Ga shi nan, farar riga, hannu a sama yana kama matakan da babu su.

"Ina taka shi," in ji Mai Jiniya, "sai abin da ke cikina ya harbe ni. Nan." Ya sauke karkatattun yatsunsa ya dafa ƙasan haƙarƙarinsa na hagu. "Na tsaya. Na saki hannu ɗaya na dafa shi. Na ce yi haƙuri, ɗan nan, mun kusa. Kar ka ji tsoro, ina riƙe da kai."

Yana faɗa yana shafa ramammen cikinsa a hankali. Babu dariya a fuskarsa ko kaɗan.

Tsohuwar ta kasa motsi. A hagu ne, daidai wurin. Sau ɗaya ta faɗa masa, a sito, ya yi dariya ya ce ta riƙe kayanta. Ashe bai bar mata ba. Ya ɗauka har da shi, ya ɓoye shi daga masu duka, ya ɓoye shi daga masu tafi, shekara da shekaru bai bari ya fita ba. Sai yanzu da mai gadin bakinsa ya tafi. Duk haushin da ta kwana da shi ta tashi da shi, ta neme shi ta rasa. Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba.

"Kin gani ko?" in ji Auta a hankali. "Abin tausayi ne. Shi ya sa na cire."

"Mayar da shi."

"Umma, namiji ne fa yake cewa yana da ciki."

"Na ji da kunnena. Mayar da shi inda kika ciro shi, ki cire hoton hayaƙin nan."

"Mutane za su ce ya haukace."

"Mai dariya ya yi. Mai hankali kuma zai tsaya ya yi tambaya." Ta juyo ta dubi 'yarta sosai. "Ke da kike ta bin tsofaffi da tambaya, ban da ke a masu hankalin? Cikin duk waɗanda ke masaƙar nan ranar, wa kika sani da tsohon ciki?"

Auta ta juya a kan kujerarta. Ta dubi allon, ta dubi uwarta, ta sake duban allon. Tun tana yarinya ake tsokanarta cewa saura kaɗan a haife ta a layin ƙofar kurkuku. Hannunta ya sauka daga kan tebur.

"Umma... ke ce?"

"Shi ya sha dukan."

"Amma ke kika hau."

"Ni na hau. Da ke."

Ta gaya mata maganar dako a taƙaice, da sito, da kalmar da ba ta samu faɗa ba. Auta ta miƙe tsaye tana laluben waya.

"Bari in kira mai kyamara. Yanzun nan. Ki zauna ki faɗa da bakinki, a gyara komai, a gyara sunan..."

"Zauna."

"Umma, shekara nawa ana ce miki Mai Langa!"

"To ƙarya aka yi? Ban kai ba?" Ta buga sandarta a ƙasa. "Sunan da ke ƙasan hotonsa, kar ki taɓa shi. Da yatsunsa ya saye shi. Kuma ƙa'ida ce, sai ya ce na sauke, shi kuwa ba zai ƙara iya cewa ba. Ba zan ƙwace a bayan idonsa ba. Abin da na ce ki yi kawai, ki bar shi ya faɗi maganarsa har ƙarshe. Ya kawo kayan har inda za shi, ke kika tare shi a ƙofa."

"Matarsa fa? Na yi mata alkawari."

"Ni zan je in same ta gobe. Ta daina toshe masa baki da kofi."

Auta ta koma ta zauna. Sannan ta jawo guntun ta mayar da shi gurbinsa, ta cire hoton masaƙar, ta koma baya kaɗan ta saki.

Tsohon ya sake hawa tsaninsa. Ya zo kan mataki mai girgiɗi, ya tsaya, ya dafa haƙarƙarinsa na hagu. Wannan karon tsohuwar ba allon take kallo ba, 'yarta take kallo, da furfurarta da tabaraunta, ta matso da fuska kusa da lasifika kamar mai jin kira daga nesa.

"Yi haƙuri, ɗan nan, mun kusa," in ji muryar. "Kar ka ji tsoro, ina riƙe da kai."

Auta ta sa hannu ta rufe bakinta. Ta cikin yatsunta maganar ta fito, can ƙasa.

"To, Umma."